Takalman da na fizge ana tsakiyar huɗuba

Zuwa ga Gwaggo Maiturare,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa wasiƙar nan a layi, domin kafin watan nan ya mutu dole in rubuta rahoton da zai iya mayar da wani bawan Allah gidan yari, alhali ni na san ni na kore shi da hannuna. Kada ki sa sunana. Sunayen da za ki gani ma duk na sauya su, ko da yake duk wanda ya yi Juma'a a masallacin unguwarmu a ranar ba ya bukatar a gaya masa ko su wane ne.

Ni ma'aikacin gyaran hali ne a nan Daura. Mutanen gari ganduroba suke ce mini, na gaji da yi musu gyara na bar su. Ni ba na gadin ƙofa. Aikina shi ne kula da waɗanda aka yi wa sakin talala, wato waɗanda aka sallama kafin wa'adinsu ya cika a kan sharaɗi. Ina bin su gida, ina nema musu abin yi, suna zuwa ofis duk mako su sa hannu, ni kuma ina rubuta yadda suke. Wanda ya karya sharaɗi, rahotona ne ke kai maganarsa gaban alƙali. Kuma Gwaggo, ba yabon kai ba, Allah ya ba ni baki. Na tsaya gaban masu unguwanni da dagatai, daga nan har Baure, ina gaya musu cewa wanda ya gama hukuncinsa ɗan'uwanmu ne, in muka juya masa baya mu muka mayar da shi ɓarna. Har tafi ake yi mini. Matata Firdausi takan ce in na fara wannan wa'azin ko tuwo sai ya huce.

To, a ƙarshen sanyin nan aka ba ni wani mutum, in kira shi Mati. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya, kuma sai aka yi dace gidansa a unguwarmu yake. Laifinsa, ya ɗauki injin ban ruwa na ubangidansa a fadama ya kai kasuwar kan iyaka ya sayar. Bai musa ba, bai kuma taɓa kawo mini wani uzuri ba. A gidan yari ya koyi kafinta, ya fito da hali mai kyau, amma ya fito wani iri, in yana tafiya bango yake bi, in ka gaishe shi ƙasa yake amsa wa. Unguwa kuwa ta karɓe shi yadda kika sani. In ya gifta, mata su kwashe shanya. Masu awaki suka tuna suna da igiya. Ya je majalisa sau ɗaya, hira ta mutu har ya tashi.

Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, na ce a unguwata ba za a yi haka ba. Dama an shimfiɗa sabon kafet a masallacinmu, Liman ya kafa doka cewa ba mai shiga da takalmi ko a hammata, kowa ya bari a ƙofa. Sai ƙofar ta zama kamar kasuwar 'yan gwanjo, kowa na tattaka na kowa. Na sami Liman na roƙe shi a ba Mati hidimar masallaci: shara, cika butoci da ruwa, da jera takalma. Na matsa wa Liman har ya yarda. Ranar nan bayan La'asar na miƙe a gaban jama'a, na dafa kafaɗar Mati, na ce ni na tsaya masa, in allura ta ɓata a ƙofar masallacin nan ni za a tambaya. Da bakina na faɗa, Gwaggo, da ƙarfi kuma, yadda na baya za su ji.

Mati da kansa ya roƙo guntayen katako ya haɗa kanta mai hawa uku ta ajiye takalma. Na kuma samo masa aikin yamma a shagon Obiajulu, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran babur da ya daɗe a garin nan har 'ya'yansa sun fi ni iya Hausa. Abu ya fara kyau. Mutum ya fito daga salla ya tarar da takalmansa a jere, an kakkaɓe musu ƙura. Wani dattijo, Alhaji Nu'uman, wanda da farko ya fi kowa adawa, ya fara miƙa masa goro. Mati dai bai taɓa wuce sahun ƙarshe ba, nan bakin ƙofa yake salla, amma ya fara ɗaga kai in ana gaisawa. Ni kuwa kaina ya kumbura, duk inda na je wa'azi sai na ba da misali da shi.

Sai Juma'ar nan ta cikin bazara. Ƙanin matata ya dawo daga Umra ya kawo mini tsarabar takalman fata, baƙaƙe, irin waɗanda ban taɓa saya wa kaina ba. Juma'a ta uku ke nan ina sa su. Rana ta take, ƙasa kamar an zuba garwashi. Na ajiye su a kanta na shiga, na sami wuri a tsakiyar masallaci, Liman ya hau mumbari ya fara huɗuba. Ban san abin da ya sa na waiwaya ba. Da na waiwaya sai na hangi Mati a tsaye a bakin ƙofa, takalmana a hannunsa, ya juya zai bi gefen bango da su.

Gwaggo, wallahi ban yi tunani ba. Ko kuwa in ce tunanin da ke kwance a cikina tun farko shi ya tashe ni. Na miƙe zumbur, na rinƙa ƙetare wuyan mutane, ni da na san hukuncin yin haka. Na taka hannun wani tsoho ban tsaya ba. Na isa ƙofa na fizge takalman daga hannunsa, na rungume su a ƙirji kamar an ce za a ƙwace mini jariri. Har Liman sai da ya ɗan sarara kafin ya ci gaba.

Kin san ana huɗuba ba a magana. Ko “yi shiru” ka ce wa na kusa da kai ka yi wasa da ladan Juma'arka. To a cikin wannan shirun abin ya faru. Mati ya buɗe baki, ya dubi mumbari, ya rufe. Ya nuna wani wuri da hannu, ban ma kalli inda ya nuna ba. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya tambayi ba'asi, sai idanu, sahu bayan sahu duk sun juyo. Da kasuwa ce, da an yi hayaniya, ya faɗi nasa in faɗi nawa, a yi dariya a watse. A nan kuwa kowa ya ga abin da ya gani ya haɗiye. Na koma na zauna da takalma a kan cinyata, a kan kafet ɗin da aka hana. Tun kafin a tayar da salla na san na yi ɓarna, gumin da ke zubo mini ba na zafin rana ba ne.

Da aka sallame, ai sai in je in same shi, ko ba haka ba? Ban je ba. Na sulale ta ƙofar gefe. A makon ya zo ofis ya sa hannu, ya ce ranka ya daɗe, ni kuwa na manna waya a kunne kamar ana kirana, alhali ba kowa a layin. Juma'ar da ta biyo baya na hau babur na tafi wani masallaci can wajen gari, wai ina da uzuri. Maƙwabcina ne ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce kusan kowa da leda ya zo, ya zura takalmansa ya shiga da su, Liman ya gani ya kau da kai. Alhaji Nu'uman ya ce tun da jami'in da ya san sirrin mutumin bai yarda da shi ba, su wane ne su da za su yarda. Kanta ta wuni fayau, sai wasu tsofaffin silifa da ba mai so. Mati ya tsaya a gefenta har aka tayar da salla, ya yi sallarsa, ya cika butoci, ya jingine tsintsiya ya tafi. Tun daga ranar ba a sake ganinsa ba, ba a masallaci ba, ba a shago ba, ba a ofis ba.

Bayan kwana biyu matarsa Maimuna ta shigo wurin Firdausi. Ba roƙo ta zo yi ba, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Ina ɗaki ina jin su. Ta ce tun ranar da mijinta ya fara hidimar nan, duk Juma'a in rana ta juyo kan kanta sai ya ɗauki takalmana, nawa kaɗai, ya kai su inuwar darbejiyar da ke gefen bango, ya goge su da bakin rigarsa, in an kusa sallamewa ya mayar da su. Wai ba shi da abin da zai saka mini da shi, sai dai ya hana ƙafata ƙonewa. Gwaggo, sai a lokacin na tuna. Mutane su fito suna ɗingishi suna yarfe ƙafa saboda zafin takalmi, ni in zura nawa in ji su da sanyi. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Darbejiyar nan ita ya nuna mini da hannu.

Maimuna ta ce ya tafi wurin yayarsa a wani ƙauye gaba da Baure, kuma ya ce in an ga dama a zo a ɗauke shi, domin a ciki kowa ya san matsayinsa, ba mai dafa maka kafaɗa yau gobe ya kunyata ka. Da ta fita Firdausi ta shigo ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Obiajulu kuwa har ofis ya biyo ni, ya ce shi da ba addininsu ɗaya ba yana barin Mati da makullin shago ya tafi Kano sarin kaya, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba, to ni me na gani. Na ce masa zan duba lamarin. Ki ji fa, zan duba lamarin!

Na je ƙauyen, kada ki ce ban je ba. Ruwa ya sauka, ana ta shuka. Na hange shi daga nesa a gonar mijin yayarsa, ya sunkuya. Na kashe babur a gindin wata tsamiya, na tsaya ina shirya abin da zan ce. Ni da ke tsayawa gaban hakimi ba gargada, na nemi kalma ɗaya na rasa. Da na ga kamar zai ɗago, na tayar da babur na juya. A Baure na sayi fura na zauna na kasa sha.

Amma bari in faɗa miki gaskiya, wani lokacin haushin Mati nake ji. Shi bai san sharaɗinsa ba ne? Sau nawa na karanta masa? Ya gudu ya bar mata da yara, ya bar ni da jidali. Kuma ai ana satar takalma a masallatai, ni kaina na taɓa komawa gida ƙafa ba takalmi ranar wata Idi. Wa zai ga takalmansa a hannun wanda aka taɓa ɗaurewa kan sata bai ji gabansa ya faɗi ba? Haka nake gaya wa kaina, ya yi mini daɗi na ɗan lokaci, sai in tuna darbejiya.

Yanzu Oga ya lura Mati ya daina sa hannu, ya ce yana jiran rahotona. Wani abokin aikina ya ce in rubuta ya karya sharaɗi kawai in huta, ai ba ƙarya ba ce. Wani kuma ya ce in sa masa hannu da kaina har ya huce ya dawo, wa zai sani. In na bi na farko, Mati zai koma ya ƙarasa wa'adinsa, watakila da ƙari, 'ya'yansa su sake zama ba uba. In na bi na biyu na ci amanar aikina, kuma in ta tashi ni ma sai na rasa abin da nake ciyar da nawa. In faɗi gaskiya duka kuwa, da wace fuska? Takalman suna ƙarƙashin gado, ban sake sa su ba. Na daina wa'azin, an gayyace ni Mashi na ce ba ni da lafiya. Ko gaisawa da Liman na kasa, in na hango shi sai in sake hanya.

Gwaggo, me zan rubuta? Kuma ta yaya mutum ke neman gafarar wanda yake ƙarƙashinsa, alhali shi ke riƙe da alƙalamin da zai ɗaure shi? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naki,
Mai Kaki, Daura

AMSAR GWAGGO

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Kaki.

Na karanta wasiƙarka har ƙarshe, na kuma sake komawa kan wurin furar Baure, domin nan na gane akwai sauran alheri a tare da kai. Mutumin da zuciyarsa ta bushe da ya shanye furarsa ya nemi ƙari. To share gumin, zauna, mu yi magana, lokaci ba ya jiranka.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Faɗuwar gaba ba zunubi ba ce. Mati ya taɓa ɗaukar abin da ba nasa ba, kuma mutanen unguwarku da suka ɗaure awakinsu ba mugaye ba ne, mutane ne masu tsoron asara. Shi ma ya yi kuskure babba da ya bar sa hannu. Sharaɗi sharaɗi ne, ɓacin rai ba ya goge shi, kuma wanda ya bar mata da yara ya tafi, ko me aka yi masa, yana da abin da zai amsa. Wannan duk na ba ka.

Amma ka daina ɓuya a bayan huɗuba. Huɗuba ta rufe maka baki na ɗan lokaci ne, Liman yana sallamewa ta sake ka. Daga nan wa ya hana ka magana? Fizgar takalmin ɗan'adamtaka ce, da ka je ka kama hannunsa a bakin ƙofa a ranar, da yanzu labarin dariya ne. Ƙofar gefe da wayar ƙarya da masallacin wajen gari, su ne suka kori Mati. Mutanen nan ba takalmi suka gani ba, shaida suka gani. Kai ne wanda ya san abin da ke rubuce a kansa, kai ka tsaya masa, sai suka ga ka janye. Kunyar da kake ji kuwa, ka lura da ita, domin ta fara zama son kai. Tana kare fuskarka ne, shi kuma mutumin yana gab da komawa ɗaki mai ƙarfe.

Game da rahoto, abokan aikinka duka biyu ka yi musu godiya ka ajiye shawararsu. Kada ka sa hannun da ba naka ba. Wannan ha'inci ne, kuma ranar da ta tashi ba kai kaɗai za ta ci ba, har Mati da duk wanda ka taɓa yi wa shaidar kirki. Kada kuma ka rubuta rabin gaskiya ka ce ai ba ƙarya ba ce. Gobe da safe ka shiga wurin Oganka, ka rufe ƙofa, ka gaya masa abin da ka gaya mini, har da ƙetare wuyan mutane. Ka ce ka san inda mutumin yake, bai bar masarautar Daura ba, noma yake yi, ka roƙi 'yan kwanaki ka dawo da shi. Ni ban san iyakar abin da dokarku ta yarda ba, kai da Oganka kuka sani, amma na san alƙali mutum ne, kuma wanda ya dawo da ƙafarsa ba a kallonsa kamar wanda aka kamo. In za a ja maka kunne a ofis, a ja. Ba za ka mutu ba.

Daga nan ka koma ƙauyen, kuma wannan karon kada ka tafi kai kaɗai, tun da mun ga abin da kake yi in kana kai kaɗai a gindin tsamiya. Ka ajiye kaki a gida. Ka ɗauki Liman, wanda kai ka jawo shi cikin maganar tun farko kuma shi ma yana da haƙƙin ka ba shi haƙuri, in ya samu dama ka haɗa da Obiajulu, domin shi ne mutum ɗaya da bai taɓa janye hannunsa ba. Ku yi sallama a gidan, ku gaida yayarsa da mijinta kamar yadda ake yi, kada ka tare shi a gona kamar ka zo kamu. Ka ce masa ka zalunce shi, ka san abin da yake yi da takalmanka, ka ji kunya ka kasa zuwa. Ka tsaya nan. Kada in ji “amma”, kada in ji labarin takalman da aka sace maka ranar Idi.

Ka tambaye ni yadda mai riƙe da alƙalami ke neman gafara. Yana raba abu biyu ne. Ka gaya masa a fili cewa dawowarsa ya sa hannu don kansa ce da 'ya'yansa, ba sai ya yafe maka ba, kuma ko ya yafe ko bai yafe ba abin da za ka rubuta ɗaya ne. In ba haka ba, zai ce ya yafe don tsoro, kai kuma ka tafi da yafiyar da ba ta kai zuci ba. Ka ba shi zaɓi a mayar da shi hannun wani jami'in in ganinka yana yi masa nauyi. In ya zaɓi haka kada ka ji haushi. Kada kuma ka matsa masa ya koma bakin kanta. Watakila ya fi son shago da kafintarsa, kuma yana da 'yancin ya ƙi sake tsayawa a inda aka tozarta shi.

Saura jama'a. A gabansu ka ɓata shi, a gabansu za ka wanke shi. Ka fara sanar da Mati, domin sunansa ne za a ambata. In ya amince, ka nemi izinin Liman, bayan an sallame Juma'a ka miƙe. Na ji kana da baki, to wannan karon ka rage shi. Ba wa'azi za ka yi ba, ba a bukatar tafi. Ka ce mutumin nan inuwa yake kai takalmanka don kada ƙafarka ta ƙone, ka yi masa mummunan zato, laifin naka ne, kuma maganar da ka yi a kan allura tana nan ba ka janye ba. Alhaji Nu'uman zai ji, masu leda za su ji. Wasu za su yi maka dariya a majalisa na 'yan kwanaki, ka bar su su yi. Ka kuma sa Firdausi ta leƙa Maimuna da ɗan abin hannu, matar nan ta yi maka alherin da ba kowa zai yi ba da ta kawo gaskiya har cikin gidanka.

Ba zan yi maka alƙawarin Mati zai dawo yadda yake ba. Zai yiwu ya sa hannu ya riƙa gaishe ka daga nesa har wa'adinsa ya cika. In haka ta faru, ka gode wa Allah da yana kwana a gidansa, domin wannan shi ne aikinka, ba a so ka ba.

Abu na ƙarshe. Ka jawo takalman nan daga ƙarƙashin gado, ka goge su. Juma'ar nan, ko Mati ya dawo ko bai dawo ba, ka sa su ka je masallacin unguwarku da wuri, ta babbar ƙofa. Ka ɗora su a hawa na sama na kantar da ya haɗa, inda kowa zai gani. Ka wuce sahun gaba ka zauna, kuma har Liman ya sauko daga mumbari kada ka waiwaya. In ka fito ka tarar rana ta gasa su, ka zura ƙafarka haka nan ka taka zuwa gida, ka ji abin da bawan Allahn nan ya yi ta kare ka daga gare shi.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya mayar da Mati cikin iyalinsa lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Taku,
Gwaggo Maiturare